Gandu da gayauna: yadda za ku raba duniyar wasan labari ba ku raba zumunci ba

Tambaya: Malam, mu tara ne, muna haɗuwa duk Asabar daga la'asar zuwa magariba a zauren gidanmu da ke Gwale, muna wasan labari. Kowa ya ɗauki tauraro guda yana magana da bakinsa, ni kuma ina jan labarin. Ni na ƙirƙiro duniyar, wani birni mai ganuwa na zamanin fatake, har na cika littafi biyu da tarihinsa. Kwanaki ɗaya daga cikinmu ya ce tauraronsa yana da layar zana da tauri, ba a ganinsa kuma ƙarfe ba ya cin sa. Wani kuma ya ce zai ƙara unguwar marina da sarkinta, alhali babu ita a littafina. Na hana su duka biyun, yau sati uku ke nan ba su zo ba. In kafa doka cewa ni kaɗai ke ƙara abu a duniyar, ko in sakar wa kowa mara?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka kafa dokar. Na shafe shekaru ina jan irin wannan wasa da ɗalibai da samarin unguwa a nan Kano, na kuma ga ƙungiyoyi sun watse ta hanyoyin nan biyu da ka ambata. Inda mutum ɗaya ya riƙe komai, sauran sukan gaji da zama 'yan kallo, su zame ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun yi cacar baki da kowa ba. Inda aka sakar wa kowa mara kuwa, kafin wata biyu sai ka tarar kowa ɗan sarki ne, kowa ba ya mutuwa, ba sauran abin tsoro balle abin buri. Don haka kada ka ɗauki ko ɗaya. Kuma tun da wuri bari in nuna maka inda nake ganin ka kuskure: ka auna abokan nan naka biyu da mudu ɗaya, alhali abin da suka kawo ya sha bamban. Mai marina kyauta ya kawo maka. Mai layar zana kuka ya kawo, sai dai bai san yadda zai faɗe shi ba.

Idan kana da dangi a ƙauye, ka san yadda babban gida yake noma. Akwai gandu, wanda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke shiga tare tun da safe, abin da aka girbe ya tafi rumbun gida, da shi ake ci. Akwai kuma gayauna, 'yar gonar da ake yanka wa kowa, ya je ya nome ta bayan an tashi daga gandu. Abin da ya ga dama yake shukawa, gyaɗa ko wake ko barkono, kuma abin da ya samu nasa ne. Maigida mai hankali ba ya zuwa gayaunar ɗansa ya tumɓuke barkono don shi dawa yake so. Ɗan kuma ba ya tashi rana tsaka ya ce daga yau gandu ya koma gonar rake. Wanda ya hana 'ya'yansa gayauna, ya san abin da ke biyo baya: da sun yi ƙarfi sai su nemi a raba, ko su kama hanyar birni. Kai ka mayar da duniyar nan taka gandu daga ganuwa zuwa ganuwa, ba ka bar wa kowa ko kunya ɗaya ba.

Gandun wasanku ba shi da yawa. Zamanin da labarin yake ciki, abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, wa ke sarauta, da me ake ciniki, kwana nawa ayari yake yi daga wannan zango zuwa wancan, sai kuma launin labarin, na dariya ne ko na tsoro ko na siyasar fada. Duk wannan ba zai wuce shafi ɗaya ba, kuma ba mai taɓa shi sai da yardar kowa, har da kai. Abin da ya rage gayauna ne. Tauraron mutum, iyayensa, gidansu, unguwarsu, sana'arsu, wanda yake binsa bashi, wadda yake so, duk nasa ne ya gina yadda ya so muddin bai tsallaka iyaka ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan harka. Gizo ba shi da mai shi. Kakata ta ba ni labarinsa, taka ta ba ka, kowace da irin gishirin da take sawa, wata ta kai shi kasuwa, wata ta kai shi fadar zaki, wata ta aura masa 'yar sarki. Ba wanda ya taɓa neman izini. Amma ka gwada zama gaban yara ka ce Gizo mai gaskiya ne kuma kura ta fi dila wayo, ka ga yadda za su taso maka. Halin Gizo da tsamin bakinsa da kwaɗayin kura su ne gandun, kowa yana tsaronsu ba tare da an rubuta ba, kuma saboda an tsare su ne mai ba da labari yake sakewa a sauran. Haka tashe. Yaran Fagge da na Ɗorayi duk sun san yadda Jatau mai magani yake, amma kowace tawaga tana zuwa da nata magungunan da nata barkwancin.

Mu dawo kan mai marina, don shi ne ya fi ba ni tausayi. Ka tsaya ka duba abin da ya miƙo maka. Birnin fatake ba tare da rini ba, me ayari zai ɗauka ya tafi da shi arewa? Ka leƙa marinar Ƙofar Mata wata safiya ka ga yawan hannun da ke cin abinci a rami ɗaya: mai kawo baba, mai kawo toka, mai tsoma zane, sannan mabuga da ke dukan sa har ya yi ƙyalli. Ka tuna turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗawa a ka. Da zarar unguwar marina ta shiga birninku, wanda tauraronsa falke ne ya samu abokin ciniki da abokin rigima. Wanda tauraronsa dogari ne ya samu inda za a aike shi karɓar haraji a ƙi ba shi. Wanda tauraronsa ɓarawo ne ya samu shanyar zannuwa. Kai kanka ka samu sabon basarake da zai iya yi wa fada tawaye ranar da aka tsawwala kuɗin karofi. Mutum ɗaya ya yi magana, mutum takwas sun samu abin yi. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna duk wani ƙari da shi, kuma ban taɓa samun wanda ya fi shi ba: abin da aka kawo ya ƙara wa sauran aiki ne, ko ya ƙwace musu? Idan ya ƙara, karɓe shi hannu bibbiyu ko da babu shi a littafinka.

Masu koyar da wasan kwaikwayon da ba a rubuta ba sun daɗe da lura da wannan. Keith Johnstone, ɗan Ingila da ya koyar a Kanada, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1979: idan ɗan wasa ya miƙo wani abu, abokinsa ya toshe, wasan yakan mutu a nan take, idan kuwa ya karɓa ya ɗora a kai, sai ya yi gaba. Na san zafin abin a jikina. Akwai shekarar da nake jan wasa da wasu ɗalibai mata, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga kai ta ce tauraruwarta tana da wata inna mai sayar da fura a bakin ƙofar birni, wadda ta san duk wanda ya shiga da wanda ya fita. Na ce mata a'a, ƙofar nan dogarai ne kawai a wurin, don haka na tsara. Ta ce to, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Har muka gama zangon karatun nan ba ta sake ƙara komai a labarin ba. Tana zuwa, tana amsa abin da aka tambaye ta, shi ke nan. Har yau idan na tuna mai furar nan sai in ji ba daɗi, don ta fi dogaran nawa amfani nesa ba kusa ba, kuma da kalma ɗaya na rufe bakin yarinyar.

Daga nan na ɗauki ƙa'idar da nake so kai ma ka ɗauka: abin da ba a faɗa a kan tabarma ba, bai faru ba tukuna. Littattafanka biyu guzuri ne, ka ci gaba da ɗiba a ciki, amma duk shafin da 'yan wasa ba su ji ba tanadi ne kawai, ana iya sauya shi. Abin da aka faɗa kowa ya ji, aka yi wasa a kansa, shi ne ya zama tarihi, kuma shi ba ya goguwa ko da kai ne kake son goge shi. Na san da nauyi mutum ya yi shekara yana gini a ce masa rabin ginin zane ne a ƙasa. Sai dai ka tambayi kanka, littafi kake son rubutawa ko wasa kake son yi? Idan littafi ne, ka zauna kai kaɗai ka rubuta, ba mai sa maka baki, kuma aiki ne mai daraja. Da ka kira mutum takwas zaure, ka riga ka ba su hannu a ciki.

To, mai layar zana fa? Shi abin da ya kawo yana ƙwace wa sauran aiki. Idan ba a ganinsa kuma wuƙa ba ta cin sa, me ya rage wa mai gadi, me ya rage wa jarumi, me ya sa za a yi shawara kafin a shiga gidan maƙiyi? Ka yi daidai da ba ka bar abin ya wuce haka ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, mu yi lissafi. Daga la'asar zuwa magariba, in an cire gaisawa da jiran waɗanda suka makara, ka ce awa biyu, minti 120. Kai mai jan labari, wanda ni nake kira madugu, kana cinye kusan rabi wajen bayanin wuri da maganar mutanen gari. Saura minti 60 a raba wa mutum takwas. Kowa ya tashi da minti bakwai da rabi a sati guda, idan ma an raba daidai, kuma ba a taɓa raba shi daidai. Mutumin da ya hawo adaidaita sahu ya ratso cunkoso don minti bakwai, dole ya nemi abin da zai sa a waiwayo shi. Layar zana ita ce hanyar da ya gani mafi kusa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Maganinsa yana cikin al'adar da ya ɗauko abin. Ba a taɓa ba da labarin wani asiri a ƙasar Hausa ba tare da makarinsa ba. Kowane ɗan tauri akwai abin da aka hana shi, kowane gagara akwai lagonsa, kuma daɗin labarin yana wurin neman lagon. Saboda haka kada ka ce masa babu. Ka ce masa akwai, sannan ka jero tambayoyi. Wa ya ba ka? Me ka biya, ko me ka yi alkawarin biya? Wane abu ne in ka yi shi layar ta karye? Wa ya san wannan sirrin bayan kai? Na taɓa yi wa wani saurayi haka a kan tabarma, ya yi shiru yana juya hularsa a gwiwa, can ya ce layar ba ta aiki in ya ci abincin gidan da yake nufin shiga, kuma yayarsa ce kaɗai ta sani, ga shi tana aure a gidan Galadiman da suke gaba da shi. Ban ƙara ko kalma ba. Sauran suka gyara zama, ɗaya ya ce ai kuwa sai mun san yadda za a aika maka da tuwon gidan nan. Zama huɗu muka yi a kan wannan, kuma shi mai layar ya fi kowa jin daɗi, don kowa ya koma maganarsa yake yi. Ka lura shi ya kawo makarin da bakinsa. Da ni na ɗora masa, da ya ɗauka horo ne.

Waɗanda suka fara wannan wasa ma sun ci karo da irin haka. Wasan Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, aikin Gary Gygax da Dave Arneson, amma kafin nan Arneson ya ɗauki lokaci yana jan wasa da abokansa a wata duniya da ya kira Blackmoor. Waɗanda suka zauna a wancan tebur suna ba da labarin cewa tauraron wani ya zama dodo mai shan jini, ya gagari kowa. Ba a kore shi ba. Sai aka ƙirƙiro wani irin tauraro mai farautar irin wannan dodo, kuma daga nan aka samu ɗaya daga cikin rukunan taurarin da ake wasa da su har yau.

Maganar yawa kuwa, a ganina mutum huɗu zuwa shida ne daidai a zama ɗaya. Ku tara, ku rabu ayari biyu a cikin birni guda, da madugu biyu. Wannan ayari ya yi Asabar, wancan Lahadi, ko ku zauna rana ɗaya a kusurwa biyu. Abin da ayarin farko ya ɓata a kasuwa, na biyu ya zo ya tarar da shi a ɓace. Idan kana neman madugu na biyu, mai marina ya riga ya nuna maka yana da idon gini.

Kafin ku ci gaba, ku ware zama guda da ba za a yi wasa ba, zaman share fage. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai dabarar da nake aro daga wani wasa mai suna Microscope, na Ben Robbins, wanda ya fito a 2011: a ja layi a tsakiyar takarda, gefe ɗaya abin da aka yarda ya shigo, ɗaya gefen abin da aka hana, a zagaya kowa ya faɗi guda. Za ka sha mamakin abin da zai fito. Wani zai ce ba ya son bindiga. Wani zai ce yana son a samu teku. A Kano akwai abubuwan da lallai ku yi maganarsu a wannan zama kada ku bari sai sun taso a tsakiyar wasa. Shin boka da aljanu za su shigo, kuma zuwa ina? Akwai wanda yake ɗaukarsu kayan tatsuniya kawai, akwai wanda zuciyarsa ba ta natsuwa da furta wasu kalmomi ko da wasa ne, kuma haƙƙinsa ne. Shawarata, abin da ya shafi Allah da Annabawa da ibada a bar shi can sama da wasa, kada a sa shi a bakin tauraro. Kada a kwaikwayi sarki mai rai, ko wani gida sananne, ko a mayar da wata ƙabila ta gaske ita ce mugaye. A yi maganar soyayya da zubar da jini, iya ina za a kwatanta, daga ina za a ce an wuce wurin. Duk wanda abu ya dame shi a tsakiyar wasa yana da damar cewa a tsallake, kuma ba a tambayarsa dalili a gaban mutane. Ko ƙwayar ludo da ake jefawa don yanke hukunci, za ka samu wanda ba ya son taɓa ta saboda abin da ya ji daga malaminsa, ko don kada a gida a zaci caca ake yi. Kada a matsa masa. Ana iya rubuta lambobi a 'yan takardu a zuba a hula a zara, kuma akwai wasannin da ba su da jifa sam, irin Amber da ya fito a 1991.

Akwai wani ɓangare da ba ka tambaya ba amma na tabbata yana nan a zaurenku. Ba madugu kaɗai ke danne mutane ba. Masu kaifin baki ma suna yi, ba da mugun nufi ba, kawai sun fi saurin tunani da ɗaga murya. A kowace ƙungiya akwai mutum biyu ko uku da suke da abin faɗa amma kafin su haɗa jimla an wuce. Abin da nake yi shi ne in raba ƙwallayen dabino, kowa uku a farkon zama. Duk wanda yake son ya kafa wani sabon abu a duniyar da ya wuce gayaunarsa, sai ya ajiye ƙwallo ɗaya a tsakiyar tabarma ya faɗa: akwai rijiya a bayan masallacin unguwar da ba ta taɓa ƙafewa, ko Sarkin Kasuwa yana da ɗa a ɓoye. In bai saɓa wa gandu ba, bai kuma ƙaryata abin da ya riga ya faru ba, ya zauna. Asalin dabarar daga wasan Universalis ne na 2002, su da tsabar kuɗi suke yi. Amfaninta a bayyane yake a ido. Mai surutu yakan ƙarar da nasa kafin rabin lokaci, sai ya koma saurare. Mai kunya kuma ƙwallayensa suna nan a gabansa kowa yana gani, sai ka ji wani ya ce, kai fa har yanzu ba ka kashe ko ɗaya ba, me kake ɓoye mana?

Ku naɗa magatakarda, kuma kada ya zama kai. Aikinsa ya rubuta abin da ya tabbata a kowane zama, a taƙaice, rabin shafi ya isa, a karanta a farkon zama na gaba, wanda ya ga gyara ya yi. Yawancin rigimar da ake cewa ta 'yancin ƙirƙira ce, in ka bi diddigi mantuwa ce: wannan ya tuna an ce ƙofa bakwai, wancan ya tuna tara. In kuwa aka samu saɓani na gaske, mutum biyu sun gina abu biyu da ba sa haɗuwa, kada ka yi gaggawar yanke wa ɗaya. Ka mayar da su ruwaya biyu a cikin duniyar, mutanen gabas suna cewa kaza, na yamma suna cewa kaza. Tarihin gaske ma haka yake. Kundin tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, wanda ya kawo labarin Barbushe da Dala da zuwan Bagauda, har yau masana suna muhawara kan wa ya tattara shi da kuma yaushe. Ka tambayi dattawa uku asalin sunan wata ƙofa, ba mamaki ka tashi da amsa uku. Birnin da mutanensa suke gardama kan tarihinsa ya fi kama da birni. Kuma wata rana taurarinku za su iya fita neman wace ruwaya ce gaskiya.

Doka ɗaya ce nake tsaurarawa ba sassauci: ba mai sa hannu a tauraron wani. Ba ka cewa tauraron wane ya tsorata ya gudu, ko ya ci amana, ko ya mutu, sai mai shi ya yarda. Kana iya kai masa sara, shi zai faɗi yadda ya ji a ransa. Wannan ta hau kan madugu ma. Wanda kuma ya daina zuwa, saboda karatu ko aure ko fushi, kada a kashe tauraronsa a bayan idonsa, kada a rushe unguwarsa. A ce ya bi ayarin Gwanja, gonarsa ta zama saura har ya dawo. Ina fata ba ku taɓa taurarin mutum biyun nan ba a sati ukun nan. In kun taɓa, ku warware kafin su ji a bakin wani.

Sai maganar da samari ba sa son yi sai ta zama rigima. Muna garin da ake buga littattafai ake kuma shirya finafinai, ba abin mamaki ba ne wata rana ɗayanku ya ce zai mayar da labarin nan littafi ko fim mai dogon zango. An taɓa yi a wani wuri: jerin littattafan Wild Cards da suka fara fitowa a Amurka a 1987 daga wasan wasu marubuta abokan juna suka samo asali, George R. R. Martin ne madugunsu, kuma sai da suka rubuta yarjejeniya kan taurari da rabon abin da aka samu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana kare aikin da aka rubuta ko aka naɗa, tunanin da ke cikin kai kawai ba ya samun wannan kariya, kuma aikin da aka haɗu aka yi har ba a iya ware hannun wannan da na wancan, na tarayya ne. Ka ga kundin magatakarda ya ƙara daraja ke nan. Ku rubuta shafi ɗaya tun yanzu da babu ko sisi a tsakani: kowa shi ke da tauraronsa, birnin na kowa ne, wanda zai fitar da wani abu waje sai ya sanar, ya kuma ambaci sunayen sauran. Ranar da kuɗi na gaske ya shigo, ku nemi lauya.

Kada ka tura wa mutum biyun nan saƙo a waya. Ka taka ka same su, ɗaya bayan ɗaya, kafin Asabar. Mai layar zana ka ce masa kana son layar ta shigo, amma kana buƙatar ya zo maka da makarinta da sunan wanda ya san sirrin. Mai marina kuwa ka fara da ba shi haƙuri kai tsaye, ba kwana-kwana. Ka tafi da taswirar birnin, ka shimfiɗa a gabansa, ka nuna masa gefen da ruwa yake bi ya fita ta ƙarƙashin ganuwa, ka miƙa masa biro ka tambaye shi ramuka nawa ne a marinar, kuma wa Sarkin Marina yake gaba da shi a fada.